Sabar DHCP ɗaya, VLAN huɗu, amma ofis kaɗai ke samun adireshi

Malamin Kwamfuta, Malali · Litinin, 9:40 na dare

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa, taimako na zo nema, don tura ta kai bango.

Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare mai zaman kanta a nan Malali, kuma da yake makarantar ba ta ɗauki ma'aikaci na musamman ba, kula da netwok ma a wuyana yake. Shekara uku kowa na rukuni ɗaya: kwamfutocin ofis, na ɗakin jarrabawa, wayoyin malamai da kyamarorin tsaro, duk a 192.168.1.0 suke cakuɗe. A zangon da ya wuce wani yaro ɗan aji biyar yana zaune a ɗakin kwamfuta ya hango jakar da ake ajiye tambayoyin jarrabawa a kwamfutar ofis. Yaron kirki ne, bai buɗe ba, da ƙafarsa ya zo ya faɗa mini. Amma tun daga ranar Hajiya mai makarantar ta ce lallai a raba, kuma da gaskiyarta.

A hutun nan na zauna na raba netwok ɗin gida huɗu, kowane rukuni a ware da sauran, abin da ake kira VLAN. VLAN 10 na ofis ne, 10.10.10.0/24. VLAN 20 na ɗakin jarrabawa, 10.10.20.0/24, nan ne kwamfuta 120 suke. VLAN 30 na Wi-Fi ɗin malamai da baƙi, 10.10.30.0/24. VLAN 40 na kyamarori goma sha shida da na'urar da ke naɗar hotonsu, 10.10.40.0/24. Rawutarmu MikroTik ce, ita ke riƙe da lamba 1 a kowane rukuni, ita ce ƙofar fitar kowa. Akwai suwici uku masu rami 48 waɗanda ake iya saita su. Sai sabar Windows a ofishin mataimakin shugaba, adireshinta 10.10.10.5, ita ce sabar DHCP, wato ita ke raba wa na'urori adireshi tun da can.

Ga matsalar. Duk abin da na jona a VLAN 10, kafin ka ƙifta ido ya samu adireshi. Sauran ukun kuwa shiru. Kwamfuta sai ta yi ta juyi, can ta ba kanta 169.254 da wasu lambobi, ba intanet, ba komai. Na buɗe rumbun adireshi huɗu a sabar, abin da Windows ke kira Scope, kowane rukuni da nasa. Da hakan bai yi ba, na ga wani bidiyo da aka ce a tattara su a ƙarƙashin Superscope, na tattara. Har yanzu jiya i yau.

Na tabbata ba waya ba ce. Idan na zauna gaban kwamfuta a ɗakin jarrabawa na rubuta mata 10.10.20.50 da hannu, na sa ƙofar fita 10.10.20.1, nan take take hawa intanet, kuma tana ganin kwamfutar da manhajar jarrabawa ke kanta, wadda ita ma a VLAN 20 take. Daga Asabar zuwa yau na rubuta wa guda arba'in da hannu, saura tamanin. Ko na ƙarasa su, ban san yadda zan yi da wayoyin malamai ba, ba zan bi mutum hamsin ina karɓar wayarsu ina rubuta lamba ba.

Akwai wani abu kuma da ya ɗaure mini kai. A ɗakin malamai wasu wayoyi suna samun adireshi, amma 192.168.0 da wani abu. Ni ban taɓa saita wannan rukunin a ko'ina ba.

Saura kwana goma sha biyu 'yan aji shida su zauna jarrabawar gwaji, su 96, kuma da ita suke shirin JAMB. Da yawansu ba su da kwamfuta a gida, a ɗakin nan kaɗai suke taɓa linzami. Ba na son ranar ta zo yara suna zaune suna kallona ina bin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya.

Tambayata: sai na samo saba huɗu ne? Ko in sayo katin netwok uku in ƙara wa wannan, kowane VLAN da wayarsa? Wani mai shago a kan titin Ahmadu Bello ya ce in kawo kuɗi gobe ya ba ni katunan. Kafin in je wurin Hajiya neman kuɗi, na ce bari in tambayi masana. Allah ya saka da alheri.

Baba Injiniya, Barnawa · Litinin, 10:55 na dare

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka sayi komai. Riƙe kuɗin Hajiya. Abin da kake buƙata yana cikin rawutar da ke gabanka, kuma layi uku ne. Amma bari in faɗa maka dalili kafin in ba ka layukan, don in ka gane dalilin, gobe ko wace irin na'ura aka ajiye maka za ka iya.

Kwamfutar da aka kunna yanzu ba ta da adireshi, kuma ba ta san inda sabar take ba. Abin da kawai za ta iya shi ne shela. Sai ta aika saƙo daga 0.0.0.0 zuwa 255.255.255.255, wato kowa da kowa, ta tashar UDP 67, tana cewa wa zai ba ni adireshi. Sabar da ta ji sai ta yi mata tayi, kwamfutar ta ce na karɓa, sabar ta tabbatar. Saƙo huɗu ke nan, su ne za ka gani an rubuta Discover, Offer, Request da Ack.

To, shela ba ta tsallaka rawuta. Mai shelar Unguwar Dosa komai ƙarfin muryarsa mutanen Kakuri ba za su ji shi ba. Kuma ai don haka ka yi VLAN tun farko, don maganar ɗakin jarrabawa ta tsaya a ɗakin jarrabawa. Katangar da ka gina aikinta take yi. Sabarka na zaune a VLAN 10, shelar VLAN 10 kaɗai ke isa kunnenta. Kwamfutocin ɗakin jarrabawa sun yi ta kira ba a amsa ba, shi ya sa suka koma 169.254, wanda rukuni ne da aka keɓe don na'ura ta ba kanta idan ta rasa mai ba ta. Duk inda ka ga lambar nan, fassararta ɗaya ce: na yi kira, babu amsa.

Maganin shi ne ɗan aike. A bakin ƙofar kowane VLAN a tsayar da wanda zai ji shelar, ya ɗauke ta, ya kai wa sabar hannu da hannu. Rawutar ce ta fi dacewa da wannan aikin tunda tana da ƙafa a kowane rukuni. A MikroTik ga yadda ake yi wa VLAN 20:

/ip dhcp-relay add name=relay20 interface=vlan20 dhcp-server=10.10.10.5 local-address=10.10.20.1 disabled=no

Ka maimaita wa 30 da 40, kana sauya suna da lambobin. VLAN 10 ba ya buƙata, sabar na cikinsa. Da Cisco ce, a kan fuskar kowane VLAN za ka rubuta ip helper-address 10.10.10.5, aikin ɗaya ne.

Yanzu ka kula da wancan local-address ɗin, don nan ne zuciyar maganar. Sabar ba ta san wani abu wai shi VLAN ba. Kafin saƙon ya iso gare ta, tambarin VLAN 20 ya daɗe da cirewa. To ta yaya za ta san daga wane rumbu za ta ɗebo? A cikin saƙon DHCP akwai wani gurbi mai suna giaddr. Kwamfuta tana barinsa sifili. Ɗan aike idan ya ɗauki saƙon sai ya rubuta adireshin ƙofar da ya ji shelar a cikin gurbin, a nan 10.10.20.1. Sabar ta duba, ta ga wannan lambar ta faɗa cikin 10.10.20.0/24, sai ta buɗe wannan rumbun, ta mayar da amsa ga ɗan aiken, shi kuma ya miƙa wa mai nema. Idan gurbin sifili ne, ta san mai kiran maƙwabcinta ne, sai ta ba shi daga rumbun rukunin da take zaune. Da wannan gurbi ɗaya saba ɗaya ke hidimar rukuni ɗari.

Ba sabuwar dabara ba ce. Gurbin giaddr ya girmi DHCP ɗin kansa, tun BOOTP na 1985 yake nan. DHCP ya zo a 1993 ya gaje shi, har da tashoshin 67 da 68, kuma ƙa'idar da muke bi har yau, RFC 2131 ta Ralph Droms, ta 1997 ce. Lokacin da na fara aiki a wani banki a nan Kaduna, rassanmu na wasu garuruwa daga saba ɗaya suke karɓar adireshi ta wannan hanyar, a kan layin da ko hoto ɗaya sai ka jira shi.

Sai Superscope. Cire shi yau. An yi shi ne don inda rukuni biyu ko fiye ke zaune a kan waya ɗaya, babu rawuta a tsakaninsu, misali adireshi ya ƙare aka ƙaro wani rukunin a wuri guda. Idan ka bar naka a ciki, kana gaya wa sabar cewa huɗun nan duk unguwa ɗaya ce, kuma wata rana za ta ba kwamfutar ɗakin jarrabawa adireshin ofis, ta zauna da lambar da ba ta da amfani a inda take. Goge Superscope ba ya goge rumbunan da ke ƙarƙashinsa, kada ka ji tsoro.

A kowane rumbu ka tabbata ka sa ƙofar fitarsa, zaɓi na 003, da DNS, mai fassara suna zuwa adireshi, zaɓi na 006. Na 003 a cikin kowane rumbu za ka sa shi daban, ba a saman sabar gaba ɗaya ba, in ba haka ba kowa zai tashi da ƙofar ofis.

Batun 192.168.0 kuwa, akwai wanda ke rabon adireshi a makarantarku ba da saninka ba. Dare ya yi, na bar wa wani ya ɗora.

Ɗan Rigasa · Talata, 7:15 na safe

Oga Malam, abin da Baba ya faɗa babu gyara a ciki. Amma ni da za ka ji tawa, da ka sauke wa sabar Windows wannan aikin gaba ɗaya ka ɗora wa MikroTik. Ita ma tana raba adireshi. Ka buɗe rumbu huɗu, ka ɗaura sabar DHCP a kan fuskar kowane VLAN, shi ke nan, babu ɗan aike, babu giaddr, tunda ita da kanta tana jin shelar kowa.

Dalilina wuta ce. Ina sa wa otal-otal da shagunan intanet netwok daga Rigasa har Sabon Tasha, kuma abin da na fi gani ke nan: an ɗauke wuta, an tayar da janareta, kwamfutoci sun tashi cikin minti ɗaya, rawuta ma ta tashi, ita kuwa sabar tana nan tana lissafin kanta har minti biyar ko fiye. A wannan tsakanin duk wanda ya yi kira bai samu amsa ba. Kwamfutar Windows da ta faɗa 169.254 kuma ba nan take take sake nema ba, sai bayan kamar minti biyar. Ka lissafa wannan a tsakiyar jarrabawa, yara 96 na zaune.

Rawuta ƙaramin batir ya ishe ta ta kwana a kunne. Sabar kuwa sai babbar inbata. Kuma in rawuta ta mutu dama babu mai zuwa ko'ina, to gara abin da kowa ya dogara da shi ya zama guda ɗaya, ba biyu ba.

Shawara ce dai. Allah ya ba da sa'a.

Anti Mai Netwok, Unguwar Rimi · Talata, 1:20 na rana

Malam, sannu da ƙoƙari. Baba, Allah ya ƙara lafiya, bari in ɗora daga inda kuka tsaya.

Kafin komai, Malam, ka je gaban ɗaya daga cikin kwamfutoci arba'in ɗin da ka rubuta wa adireshi da hannu, ka yi ping 10.10.10.5, wato ka gwada ko sabar za ta amsa. A bayaninka ka ce suna hawa intanet, suna ganin manhajar jarrabawa, amma ba ka ce suna ganin sabar ba. Wannan gwajin ya fi komai muhimmanci, domin ɗan aike zai kai saƙo, amma sai sabar ta san hanyar mayar da amsa. Amsar ba ga 10.10.10.1 za ta aika ba, ga 10.10.20.1 za ta aika, wanda a wurinta baƙon rukuni ne. Idan ƙofar fitar sabar ba rawutar ba ce, ko babu ita sam, za ka ga buƙata na shigowa, tayi na fita a rubuce, amma babu abin da ke isa. Na taɓa kwana biyu a kan wannan a wani asibiti da nake kula da shi, ina ta zargin suwici.

Na biyu, katangar tsaro. Tunda dalilin rabawar shi ne hana ɗakin jarrabawa shiga ofis, na san ka sa doka a rawutar mai hana VLAN 20 isa VLAN 10. Daidai ne. Amma ka sani, ɗan aike a karon farko kawai yake shiga tsakani. Adireshi haya ake ba kwamfuta, kuma idan rabin wa'adin ya cika, ita da kanta take aika wa sabar kai tsaye ta nemi sabuntawa, tunda yanzu ta san adireshinta. Wannan saƙon ta cikin katangarka zai bi. In ka toshe, ba za ta mutu nan take ba, za ta yi ta gwadawa har wa'adi ya kai kashi 87.5 cikin ɗari, sannan ta koma shela, ɗan aike ya cece ta. Abin zai yi kamar yana aiki, amma a bakin rami yake tafiya. Ka buɗe UDP 67 daga rukunan uku zuwa 10.10.10.5 kaɗai, da 53 idan ita ce DNS ɗinku, ka sa dokar a sama da wadda ke hanawa.

Na uku, ɓarawon rabo, mai ba da 192.168.0 ɗin nan. Kusan kullum labarin ɗaya ne: wani ya ga siginar ba ta kai kujerarsa, ya kawo ƙaramar rawutarsa daga gida, ya soka wayar bango a ɗaya daga ramukan LAN. Ba da mugun nufi ba. Amma irin waɗannan da DHCP a kunne suke fitowa daga kwali, yawancinsu a 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kuma kwamfuta tayin da ya fara isowa take karɓa. Yanzu da taka sabar ba ta amsawa a VLAN 30, shi kaɗai ke cin kasuwarsa. Kai laftof ɗakin malamai, ka bari ta karɓi adireshin, ka buga ipconfig /all, layin DHCP Server zai nuna maka shi. Sai arp -a ya ba ka lambar MAC ɗinsa, wato lambar katin netwok ɗinsa, ka nemi lambar a teburin suwici, zai faɗa maka ramin da yake. Bayan ka cire shi, kunna DHCP Snooping a suwici ukun, ka amince da ramukan da ke hawa zuwa rawuta da na sabar kaɗai. Daga nan duk wanda ya yi tayi daga wani rami, suwici zai zubar. Ka yi hankali ka sa amincewar kafin ka kunna, in ba haka ba ka toshe naka da hannunka.

Na huɗu, wayoyin da ke tsakanin suwici da suwici, da wadda ke hawa rawuta, da na na'urorin Wi-Fi. Tambarin 802.1Q baiti huɗu ne da ake liƙa wa saƙo, mai ɗauke da lambar VLAN daga 1 zuwa 4094, kuma sai ramin da aka ce masa Tagged ga wannan lambar yake barinsa ya wuce. Na 20 ka riga ka tabbatar da hannunka. Na 30 da 40 ba ka gwada ba, ka bi su rami-rami. Ramukan kwamfutoci kuma ka mayar da su Edge, ko PortFast in ji Cisco. A tsohon tsarin STP, mai hana saƙo ya yi ta zagaye tsakanin suwici, rami yana yin daƙiƙa 30 kafin ya fara wuce da saƙo, kwamfuta mai sauri ta gama kiranta kafin nan.

Game da maganar Ɗan Rigasa, ƙanena yana da hujja, wutar garin nan ba abar dogaro ba ce. Amma ban goyi bayan a kwashe duka ba. Idan kwamfutocin makarantar suna shiga da sunan mai amfani daga sabar Windows, barin DHCP a kanta yana sa sunayensu su riƙa shiga DNS da kansu, kuma wuri ɗaya za ka duba ka ga wa ke riƙe da wace lamba. Matsalar wuta kuma wa'adin haya ke maganinta. Windows kwana 8 take bayarwa in ba ka sauya ba. Kwamfutar da ke da sauran wa'adi, in ta tashi ba ta samu sabar ba, takan gwada ƙofar fitarta, in ta amsa sai ta ci gaba da adireshin da ke hannunta. Don haka ɗakin jarrabawa ka bar shi a kwana 8, ka kunna dukkansu kwana ɗaya kafin jarrabawa su sabunta.

Wi-Fi ne kwana 8 zai cuce ka. Rukunin /24 adireshi 254 ne kacal. Ranar taron iyaye, kowace waya da ta shigo ta kama lamba ta tafi da ita gida har mako guda, washegari malamai su rasa. Ka mayar da shi awa 8, ko ƙasa. In kuna tara jama'a sosai, ka faɗaɗa shi zuwa /23, adireshi 510, tunda 10.10.31.0 babu kowa a kai. Kuma kada ka wahalar da kanka da keɓe wa wayoyi lamba ta MAC, tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi na ɓoye ainihin lambarsu, suna nuna wata daban ga kowane Wi-Fi. To shi VLAN 30 ɗin, in kana so, shi ne za ka iya ba MikroTik ta riƙe da kanta, baƙi ba su da abin yi da sabar makaranta.

Malamin Kwamfuta, Malali · Laraba, 8:05 na dare

Alhamdu lillahi. Baba, Anti, Ɗan Rigasa, Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya jiƙan magabata. Bari in faɗi yadda aka yi, ko wani zai amfana.

Jiya da safe na goge Superscope, na sa layukan Baba uku. Na kunna kwamfuta ɗaya a ɗakin jarrabawa, ta sake komawa 169.254. Gaskiya gabana ya faɗi. Da rana na ga saƙon Anti, na yi ping ɗin, babu amsa. Na je gaban sabar na buɗe saitin katinta, sai ga gurbin Default Gateway fayau. Ni ne na share shi shekara biyu da suka wuce, don kada sabar ta riƙa hawa intanet tana cinye mana data da sabunta kanta. A lokacin kowa na rukuni ɗaya, babu abin da ya lalace, har na manta. Na rubuta 10.10.10.1, na buɗe UDP 67 da 53 a katangar kamar yadda Anti ta ce, na koma ɗakin na buga ipconfig /renew. Sai ga 10.10.20.21. Hana sabar hawa intanet kuma na mayar da shi doka a rawutar, inda ya kamata ya kasance tun farko.

Kwamfutoci arba'in ɗin da na rubuta da hannu sun so su ba ni matsala, don lambobinsu na cikin rumbun da sabar ke rabawa, har biyu suka yi karo da sababbi. Na tara 'yan kulob ɗin kwamfuta su shida bayan sallar La'asar, na nuna musu sau ɗaya, cikin rabin awa suka mayar da su duka kan karɓa da kai. Na ware 1 zuwa 20 a kowane rukuni don rawuta, suwici, firinta da kwamfutar manhajar jarrabawa. Yanzu duka 120 suna cikin jerin sabar, kowace da sunanta.

Mai rabon 192.168.0 kuma na same shi, rami na 31 a suwici na biyu. Ƙaramar rawuta ce a bayan kabad ɗin ɗakin malamai, wani malaminmu dattijo ya kawo don siginar ba ta kai kusurwar da yake zama. Na yi masa bayani, ya ba da haƙuri, ni ma na ba shi, don tun bara yake faɗa mini matsalar kusurwar nan ban gyara ba. Ban cire ta ba, na kashe mata DHCP na bar ta tana ba da sigina kawai. Snooping na kunna a suwici biyu, na ukun sai Asabar idan babu kowa.

VLAN 30 na bi shawarar da ta haɗa ta Anti da ta Ɗan Rigasa: na cire ɗan aikensa, na kashe rumbunsa a Windows, MikroTik ke rabawa, /23, awa 8.

Saura kyamarori. Guda tara sun karɓi adireshi, bakwai ba su karɓa ba, kuma na'urar naɗin ta daina ganin ko da taran, don da tsofaffin lambobinsu ta san su.

Baba Injiniya, Barnawa · Laraba, 9:30 na dare

Madalla, ɗana. Bakwai ɗin nan wanda ya ɗaura su ne ya rubuta musu 192.168.1 da hannu, ba sa yin kira balle a amsa musu. Ka sa laftof a wani ramin VLAN 40, ka ba ta 192.168.1.250 na ɗan lokaci, ka shiga kowace ka mayar da ita kan DHCP. Sannan a sabar ka keɓe wa dukkan sha shidan lamba ta MAC ɗinsu, daga 10.10.40.21 zuwa 36, su kyamarori ba sa ɓoye lambarsu kamar wayoyi. Ka jera su yadda suke a harabar, ta bakin get ta zama 21, ka zagaya. Sai ka shigar da sababbin lambobin a na'urar naɗin sau ɗaya.

Kuma kafin ranar jarrabawa, ka zaɓi yammaci ɗaya ka kunna duka 120, ka sa mai janareta ya kashe wuta ya mayar, sabar na kashe, ka tsaya ka ƙirga nawa suka dawo da adireshinsu. Ka zo ka faɗa mana adadin.